Burguma Ba Ta San Ƙwarya Ba

 

'Yata, na samu saƙonki cewa burgumarki ta ɗauki ciki, kuma kina da niyyar in ta sauka lafiya ki riƙa tatsarta, yara su samu abin zubawa a koko da safe. Madalla da wannan niyya. A wajenmu akuya dukiyar mace ce, ita ake ja zuwa kasuwa ranar da lalura ta taso. Sai dai yawancin gidajen Hausawa 'ya'yanta da namanta da fatarta suke dubawa, zancen nono kuwa an bar wa saniya. Buzaye da Fulanin Sahel su ne suka riƙe tatsar akuya da gaske, har cuku suke yi da madararta. Shi ya sa mai son farawa a cikin gari takan rasa wanda zai nuna mata. To, ki natsu ki ji.

Abu guda nake so ki riƙe ko da kin manta sauran: ba a ƙwatar nono a wurin akuya, ita ke sakinsa, kuma ba ta sakar wa wanda take tsoro. Haka Allah ya halicci jikinta. Wani kaso na madarar yana taruwa a ƙasan hantsa, kusa da kan nono. Wannan ko da kokawa kina iya samu. Amma mai maiƙon tana can sama cikin ƙananan jakunkuna, ba ta saukowa sai ƙwaƙwalwar dabbar ta saki wani sinadari da likitoci ke kira oksitosin, ya bi jini ya matso ta. Tunkuyin ɗanta ne ke tayar da shi, ko shafar hannun da ta saba da shi, kuma 'yan mintoci kawai yake yi yana aiki. Tsoro da jin zafi suna tare masa hanya. Duka ɗaya, ko tsawa, ko haushin kare, sai ki tashi da na ƙasan kawai, alhali mai maiƙon ba ta sauko ba. Tsohuwar akuya ta riga ta san duniya. Burguma kuwa ba ta taɓa naƙuda ba, ba ta taɓa jin baki ko hannu a hantsarta ba, kuma abin da ta koya a makonnin farko da shi za ta tsufa.

Ki fara da sanin irin dabbar da ke hannunki, don kada ki ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, har ma akwai cibiya a can da ke kula da irinta, da fata ta yi suna: tun zamanin ayari ake ƙetare Sahara da jemammiyar fatarta har ta kai kasuwannin Turai. Tana da yawan haihuwa, tana yin tagwaye, tana jure wahala. Madara kuwa, in ana ciyar da ita da kyau, wajen rabin lita take bayarwa a yini, ta kirki ta doshi lita guda, na tsawon wata 3 zuwa 4. Waɗanda kike gani a bidiyon waya suna cika bokiti, irin su farar Saanen ta ƙasar Suwizalan mai ba da lita 3 a yini, an daɗe ana zaɓen irinsu domin madara, ga sanyi, ga abinci na musamman. Zafin Afrilu na Kano ba nasu ba ne. Sannan burguma, kowace iri ce, ba ta kai wadda ta yi haihuwa biyu ko uku ba, domin ita kanta ba ta gama girma ba. Abin da ta ci gida uku ake raba shi: jikinta, ɗanta, da ƙwaryarki.

Cikin akuya wata 5 ne, kwana 150, da ragi ko ƙarin kamar kwana 5. Awakinmu ba su da lokacin barbara guda ɗaya irin na ƙasashen sanyi, amma da yake a damina suke ƙoshi, da yawa a nan suke ɗauka, sai haihuwa ta faɗo cikin hunturu. Wadda bunsuru ya hau a farkon Agusta, ki saurare ta a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, daidai lokacin da sanyin asuba ke kashe 'yan awaki. In kin san ranar, ki rubuta. In ba ki sani ba, ki riƙa duba hantsa: a burguma takan fara tasawa kamar wata guda ko fiye kafin haihuwa.

Mako 6 na ƙarshe su ne masu nauyi. A cikinsu ɗan ke yin mafi yawan girmansa, ga shi ya matse tumbin uwar ba ta iya cika ciki. Saboda haka abinci kaɗan mai kyau ya fi tulin kara. Harawar wake ko ta gyaɗa da aka adana a inuwa, tana nan da korenta, ita ce gaba. Sai dusa, ki fara da tafi guda ki riƙa ƙarawa sannu a hankali. 'Ya'yan gawo in kuna samu. Gishirin lasa a rataye. Ruwa mai tsabta kullum a gabanta. Kada ki tashi rana ɗaya ki juye mata kwanon hatsi ko ragowar tuwo, cikinta zai kumbura, wani lokaci har a rasa ta. Kada kuma ki yi mata kiwon Sallah, ƙiba tana wahalar da naƙuda. Ki tsince ledoji daga tsakar gida, don mai ciki in tana jin yunwa ba abin da ba ta haɗiya. Idan a makonnin nan ta daina ci, ta yi sukuku, tana niƙa haƙora, kada ki jira gobe. Sau da yawa abin da ke cikinta ne ya fi ƙarfin abin da take ci, kuma aikin malamin dabbobi ne.

A makonnin nan ne kuma za ki fara koyarwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zaɓi wuri ɗaya mai inuwa, nesa da turken bunsuru da hayaniyar yara. Masu kiwon madara a ƙasashen waje suna da teburin katako mai wurin maƙale wuya. Ke ba sai kin sayi wannan ba. Ɗan dakali da bai wuce gwiwa ba, a jikin bango, da turke a gabansa, ya wadatar. Bayanki ba zai ƙage ba, ita kuma bango ya tare ta ta gefe guda. Daga yau duk dusar da za ta ci, a kan dakalin nan za ta ci. Kwanakin farko ba abin da za ki yi sai ki tsaya kusa da ita kina yi mata magana. In ta saba hawa da kanta, ki fara shafa wuya da gadon baya. Bayan kwana biyu ki gangara haƙarƙari da ciki, sannan cinya, sannan ki ɗora tafin hannu mai ɗumi a kan hantsa. Za ta zabura, za ta ɗaga ƙafa. Kada ki fizge hannun, kada kuma ki danna; ki bar shi a wurin har ta sauke ƙafar ta koma cin dusarta, sannan ki ɗauke. Da haka za ta gane hannu ba ya ciwo, kuma natsuwa ce ke sa a ƙyale ta. Ki riƙa ajiye mazubin madara a ƙarƙashinta ba komai a ciki, ta saba da ganinsa da jin motsinsa. Abu ɗaya na hana ki: kada ki matsa kan nono don ki ga ko ruwa ya zo. Akwai ɗan toshi mai danƙo a bakinsa da ke hana ƙwayoyin cuta shiga. A bar shi sai ranar haihuwa.

Saura mako guda, ki share ɗakinta, ki kwashe tsohon kashi, ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ki kare gefen da iskar hunturu ke shigowa da zana ko buhu, amma ki bar kafa ta sama, domin ɗaki mai tururi da zarnin fitsari shi ke kawo ciwon huhu. Ki tanadi tsummoki masu tsabta, sabulu, kwalbar aidin, sabuwar reza, zare, fitila, safar hannu ta roba, da lambar malamin dabbobin da ya fi kusa da ku.

Alamun sauka ba su ɓuya ga mai lura. Hantsa za ta cika ta yi sheƙi. Jijiyoyi biyun nan masu tauri da ke gefen gindin wutsiya za su saki har ki kasa jin su. In haka ta faru, da wuya ta ƙara kwana da yini. Kwiɓinta zai faɗa, za ta ware daga 'yan'uwanta, tana tonon ƙasa, ta kwanta ta tashi, tana waiwayen cikinta da wani ƙaramin kuka da ba ki saba ji ba, ga farin yauƙi yana zuba. Wannan yakan ɗauki sa'o'i, a burguma ma ya fi daɗewa. Ki kori 'yan kallo, ki zauna daga gefe. Yawancin awaki da kansu suke haihuwa, kuma sau da yawa garajen mai kiwo ne ke jawo ɓarna. Idan ta fara yunƙuri na gaske, jakar ruwa za ta fito, sannan ki ga kofato biyu da ɗan hanci a kansu. Wannan shi ne zuwa na daidai. Mai zuwa da ƙafafun baya biyu ma yana fita lafiya, sai dai ba a barinsa ya daɗe a hanya. Amma in ta yi rabin sa'a tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya ci gaba, ko kai ya fito babu ƙafa, ko wutsiya kawai kike gani, to taimako ya kama. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a sa safa, a shiga a hankali. In ja za a yi, sai lokacin da take yunƙuri, a nufi ƙasa wajen dugaduganta, in ta dakata a dakata. In ba ki gane abin da hannunki ya taɓa ba, ki fitar da shi ki kira malami. Ƙugun burguma ƙarami ne, ƙarfi yaga ta yake yi. Kuma kada kowa ya sayo allurar naƙuda a kemis ya yi mata ba da sanin likita ba. In ɗan a gicciye yake, allurar na iya fasa mahaifa.

Ga wata magana da ba a cika faɗa ba. Idan ke ma kina da juna biyu, kada ki karɓi haihuwar akuya, kada ki taɓa ruwan ko mabiyiya. Ki sa maigida ko wata. Akwai cututtukan da ke sa dabba ɓari, irin su bakkale, waɗanda ke kama mutum ta wannan hanya da kuma ta ɗanyar madara. Duk akuyar da ta yi ɓari a ware ta, a binne abin da ta zubar da zurfi inda kare ba zai tono ba, a sanar da malamin dabbobi, kada a sha nononta sai ya duba ta.

Da ɗan ya faɗo, ki share masa hanci da baki, ki ga ya yi atishawa, ki ajiye shi a gaban uwar, ki ja da baya. Lasar da za ta yi masa ita ke busar da shi, ta motsa jininsa, kuma a cikinta take haddace ƙanshinsa. A sa'o'in farko ake ƙulla wannan shaƙuwa, in lokacin ya wuce tana da wuyar ƙulluwa. Don haka ba wanka, kuma kada yara su ɗauke shi suna yawo da shi. Wata burgumar za ta tsaya tana kallonsa a firgice, har ta kai masa tunkuyi. Ba mugunta ba ce. Mu ma ai mai haihuwar fari gida ake mai da ita wankan jego, wurin uwarta, don an san sabon shiga sai da mai nuna hanya. To ita wannan, ke ce uwar tata. Ki killace su su biyu a ɗan ƙaramin wuri kwana 2 ko 3, ki riƙa riƙe ta ɗan yana sha sau da yawa a yini. Galibi kafin kwanakin su cika za ki ga tana lasarsa tana kiransa.

Cibiya in ta yi tsawo, ki ɗaure da zare, ki yanke ki bar kamar santimita 4, ki tsoma ta cikin aidin har gindi. Kada a sa mata toka ko ƙasa. Ta nan cutar da ke kumbura gaɓoɓin 'yan awaki take shiga, haka ma cutar sarƙe haƙora.

Sai dakashi, wanda ya fi komai. Yanzu ne za ki matsa kowane kan nono sau ɗaya ko biyu, toshin ya fita, ki tabbata hanya ta buɗe. Ɗan akuya yana zuwa duniya ba garkuwar jiki, domin mahaifar akuya ba ta miƙa masa ita ta jini. Kariyarsa duka tana cikin wannan kakkauran ruwa mai rawaya. Hanjinsa kuma na ɗan lokaci ne yake iya karɓarta: sa'o'in farko sun fi, kafin kwana guda ya cika ƙofar ta rufe. Ki ga ya sha cikin sa'a ta farko ko ta biyu. A yinin farko yana bukatar kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Ɗan da ya kai kilo 2, wajen mililita 200 ke nan, a rarrabe. In ya kasa kamawa, ki tatsa ki ba shi da kwalba mai kan roba ko sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan, kada ki yi masa ɗura. In kin sa yatsa a bakinsa kika ji sanyi, ki ɗumama shi tukuna kafin ki ba shi komai. Masu cewa dakashi ƙazanta ne a zubar, ki yi musu uzuri, amma kada ki bi su.

Uwar kuma ki ba ta ruwan ɗumi da 'yar dusa da ɗan gishiri, da harawa mai kyau, ki ɗan jira ko akwai na biyu. Mabiyiya takan faɗo cikin 'yan sa'o'i. Kada a ja ta, kada a ɗaura mata abu mai nauyi. In ta wuce sa'a 12 ba ta faɗo ba, ko bayan kwanaki kika ji wari, ko ta ƙi abinci jikinta ya yi zafi, a nemo malami.

Yanzu zancen rabo. Ɗan shi ne mai haƙƙi na farko, ke mai cin saura ce. Mako 2 na farko madarar tasa ce. Amma ki ci gaba da kai ta dakali safe da yamma, kina shafa hantsa kina dubawa, don kada karatun ya zube. A nan akwai abin da ke yawan samun burguma: ɗa guda ta fi haifa, shi kuma sai ya zaɓi nono ɗaya ya bar ɗayan. Wanda aka bari ya cika ya yi tauri, ya yi mata zafi, ta hana a taɓa, ƙarshe ya ƙafe ko ya kamu da ciwo, hantsa ta karkace ke nan. Don haka tun rana ta biyu ki riƙa tatse ɓangaren da ya bari. In ya yi tauri, ki gasa shi da tsumman ruwan ɗumi tukuna. Wannan shi ne darasinta na farko na tatsa, kuma ya zo da sa'a, domin za ta gane sauƙi hannunki ke kawo mata. In tagwaye ta haifa kuma 'yar gida ce, ki haƙura wata guda ko fiye, har sai sun fara cin harawa sosai. 'Ya'yan su ne ma'auninki. Ciki a cike, gashi yana sheƙi, ana tsalle-tsalle, to akwai rara. Masu yawan kuka, baya a rankwafe, ciki a shafe, ba su ƙoshi ba, kuma duk abin da kika tatsa daga bakinsu kika cire.

Idan ɗan ya yi ƙwari, hanya mafi sauƙi ita ce raba kwana. Bayan isha'i ki sa shi bayan ɗan shinge inda uwar za ta gan shi ta shinshina shi amma ba zai kai ga nono ba, da busasshiyar shimfiɗa da 'yar harawa da ruwa. Bayan sallar asuba ki tatsa, ki bar masa saura, ki sake su su yini tare. Kada rabuwar ta wuce sa'a 12. Daren farko za a yi kuka, sai ki ba maƙwabta haƙuri. Ba ya daɗewa.

Tatsar kanta: lokaci ɗaya kullum, wuri ɗaya, mutum ɗaya, ta gefe ɗaya, domin akuya dabba ce mai riƙe sabo. Farce a yanke, zobe a cire, hannu a wanke. Ki zuba dusa, ki goge hantsa da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ki tsane ta sarai, don ruwan da ke gangarowa kan nono datti yake kawowa. Wannan gugar ita ke sa madara ta sauko, saboda haka kada ki tafi wani aiki bayanta. Matsi biyu ko uku na farko ki yi su a wani baƙin kofi daban, ki duba, ki zubar. Sannan ki kama gindin kan nonon da babban yatsa da manuniya ki rufe, yadda madarar ba za ta koma sama ba, ki matsa da sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙasa, ki saki ya sake cika. Matsawa ake yi, ba a ja. Ja yana yi mata rauni a ciki, kuma yana cikin manyan dalilan harbi. Kan nonon burguma ƙarami ne, wataƙila yatsa uku kawai zai ɗauka. Zai ƙaru da tatsa. Kada ki haɗa da naman hantsar. In ruwan ya fara raguwa, ki ɗan tunkuɗa hantsar a hankali yadda ɗanta ke yi, sauran ya sauko. Bayan an gama, ƙofar nono takan zauna a buɗe wajen rabin sa'a, sai ki zuba mata harawa ta ci a tsaye, kada ta kwanta cikin kashi.

Za ta yi harbi, wannan ki sa a ranki. Wata ta taka mazubi, wata ta tsuguna ta danne hantsa, wata ta kwanta gaba ɗaya. A makon farko ki riƙe ƙaramin kofi da hannu ɗaya ki tatsa da ɗayan, kina juyewa a mazubin da ke nesa da ƙafarta, don in ta zubar kada ranki ya ɓaci da yawa. Ki jingina kafaɗarki a jikinta, za ki ji motsin kafin ƙafar ta tashi. In shurin ya yi yawa, wani ya riƙe mata ƙafar baya a saman gwiwa, inda babbar jijiya take, riƙo mai kyau ba mai ciwo ba. Mai tsugunawa a tallafe ta ta ƙirji. Kawo ɗanta gabanta ma yana kwantar mata da hankali. Abu biyu ne ba a yi: ba a dukanta, ba a kuma kwance ta a kan harbi. In kin dake ta, ta haɗa dakali da azaba. In kin kwance ta don ta yi harbi, kin koya mata dabarar kuɓuta, gobe za ta ninka. Ki jira ta tsaya cak, ko da na ɗan lokaci ne, ki yi matsi biyu, ki shafa wuyanta, sannan ki sake ta. Ranar da kika ji zuciya ta hau, ki dakata ki yi a'uziyya, don tana jin fushi a hannu. Yawancinsu cikin mako ɗaya ko biyu suke sakin jiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Kuma kafin ki ce taurin kai ne, ki duba. Wadda ta saba tsayawa ta dawo tana harbi, ciwo take ji: ko kan nono ya tsage, ko ɗan ya shafa mata ƙurajen bakinsa, ko hantsa ta kamu. Ciwon hantsa baƙin kofin nan ne zai fara nuna miki shi: gudaji-gudaji, ko ruwa-ruwa, ko jini. Sai ɓangare ɗaya ya yi zafi ya kumbura, ta riƙa ɗingishi. In fatar ta fara yin shuɗi ko baƙi ta yi sanyi, rai ake magana, a nemo likita ko cikin dare ne. Wadda ake zargi ita ake tatsa a ƙarshe, madarar a zubar. Duk wadda aka yi wa allura ko aka ba maganin tsutsa, ki tambayi malamin kwana nawa za a yi kafin a sha nononta, ki cika su. Kada kuma ki bar nono ya kwana ya yini a hantsa don ta yi kyan gani ranar kasuwa. Shari'a ta hana, domin yaudarar mai saye ne, ga cutar da dabbar.

Mai shayarwa ta fi mai ciki bukatar abinci, musamman a wata biyun farko da madara ke kan ganiyarta. Ruwa kuwa kada ya yanke mata, domin cikin kashi 100 na madara wajen 87 ruwa ne. Abin da kika tatsa ki tace shi da ƙyalle mai tsabta nan take, ki tafasa, ki rufe ki sa a wuri mai sanyi, ko ki kwantar da kindirmo. Ƙarnin da ake zargin madarar akuya da shi, yawancinsa daga bunsuru ne, da ƙazamin mazubi, da barinta cikin zafi. Kwanon silba ya fi tsohuwar ƙwarya mai tsaga sauƙin wankewa. Kuma ki ji ni da kyau: madarar akuya ba ta maye gurbin nonon uwa. Jariri a wata 6 na farko nonon uwarsa kawai; ta akuya ta yi wa ƙodarsa nauyi, kuma ba ta da isassun sinadaran da ke gina jini. In lalura ta hana uwa shayarwa, asibiti za a tambaya.

'Yan awakin ki yaye su wajen wata 3, in suna cin harawa da dusa sosai, ki raba mazan da matan tun lokacin, don ƙaramin bunsuru ba ya jiran girma. Macen kada a bari a hau ta sai ta kai kamar kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta. Cikin ƙuruciya yana tsumburar da ita. Annobar nan ta majina da gudawa da likitoci ke kira PPR, wadda kan share garke, tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar, guda ɗaya tana kare dabba shekaru, kuma hukumomin duniya sun sa shekarar 2030 a gaba domin kawar da cutar. Ki tambayi malami, ana yi wa ƙanana daga wata 3 zuwa 4, lokacin da kariyar dakashi ke ƙarewa. Uwar kuma in ta sake ɗauka, ki daina tatsarta wata 2 kafin haihuwa, hantsa ta huta.

Kada ki yanke mata hukunci a haihuwar fari. A ta biyu da ta uku ake sanin akuya, lokacin jiki ya cika, hantsa ta buɗe. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar barbara, ranar haihuwa, yawan 'ya'ya, da kofi nawa take bayarwa. Nan da 'yan shekaru shi zai gaya miki 'yar wace za ki riƙe, wace za ki kai kasuwa, domin yawan madara da sanyin hali duka ana gadonsu. Ribar bana ita ce ki samu lafiyayyen ɗa, hantsa daidai ba karkace, da akuyar da za ta hau dakali da kanta in ta ji motsinki. Madarar shekaru masu zuwa a kan waɗannan take. Ki riƙa zaunar da babbar 'yarki kusa da ke tana kallo, amma kada ta sa hannu sai dabbar ta gama sabawa da naki.

Allah ya sauke ta lafiya, ya sa albarka a turkenki, ya ba ki ladan tausaya wa abin da ba ya iya magana. Ki gaishe da maigidan da yara.